Girkin Turkawa a murhun gidanmu na Tudun Wada

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Ni tsohuwar malamar makaranta ce a nan Zariya, shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin na ajiye, kuma tun ina bakin aiki nake karanta jaridar nan. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne rubutun da kuka buga kwanakin baya a shafin girke-girke kan abincin Turkawa. Marubuciyar ta yi ƙoƙari, hotunan ma sun ƙayatar. Sai dai duk macen da ta karanta shi za ta ninke jaridar tana ganin wannan abincin manyan otal-otal ɗin Abuja ne, sai mai oben ɗin lantarki da kayan ƙamshin kanti. Maƙwabciyata da na ara wa jaridar, da ta dawo min da ita cewa ta yi, "Hajiya, wannan ai ba namu ba ne, na masu ido da kwalli ne." Maganar nan ta tsaya min a rai, domin na ga abin da idona kuma na san ba haka yake ba.

A 2023 autana ya gama karatunsa a Bursa, garin da ke kudu da Istanbul, wadda iyayenmu ke kira Santambul. Na je bikin yaye su, Babbar Sallah kuma ta riske ni a can a ƙarshen watan Yuni. Gidan dattijuwar da ya yi haya a wurinta na sauka. Yana kiranta Teyze, wato Inna, 'yar'uwar mahaifiya. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turkanci, amma mako uku muka yi a kicin ɗaya, da nuni da hannu, in abin ya cije a kira yaron ya yi tafinta. Mijinta tsohon direban bas ne, da kuɗin fansho suke rayuwa. Nama a wurinsu ma tsada gare shi, kuma mafi yawan ranaku naman da ke shiga tukunyarta bai fi cikin tafin hannu ba. Duk da haka ban taɓa tashi daga kan abincinta ina jin an rage min wani abu ba. Wannan dabarar ce na dawo da ita gida, ita ce kuma rubutunku bai taɓo ba.

Ranar Sallah, da suke kira Kurban Bayram, na fara lura. Mu a nan in rago ya kwana ya tsane, sai a ɗora babban kasko, a tuttula mai, a yi ta suya har naman ya bushe ƙayau don ya daɗe. Muna da hujja, zafin ƙasarmu ba ya ɗaga wa nama ƙafa. Ita kuwa ko ɗigon mai ba ta zuba ba. Kitsen ragon ta fara yayyankawa ƙanana, ta sa a tukunya kan wuta kaɗan har ya narke. Sannan ta zuba naman, an yanka shi kamar girman dabino, ta rufe. Naman ya saki ruwansa ya dahu a ciki, ruwan ya ƙone, daga nan ya koma soyuwa a cikin kitsensa. Gishiri sai dab da saukewa. Kawurma suke ce masa. Wanda za ta ajiye sai ta danna shi a kwano ta kwarara narkakken kitse a kai har ya rufe shi ruf, in ya daskare iska ba ta samun hanya. Daga nan take ɗibar cokali biyu ko uku ta sa a wake, ko ƙwai, ko shinkafa.

Sallar da ta zagayo na raba naman layyarmu biyu, rabi suya irin tamu, rabi kawurma. Zan faɗi gaskiya: a zafin Zariya kawurma ba ta jure ajiya kamar soyayyen namanmu, in babu firji mai sanyi kada a yi wadda za ta wuce kwana biyu. Amma surukata, mahaifiyar Malam, wadda haƙoranta suka daɗe da zubewa, ta ci ta cinye ta ce, "'Yar nan, bana kam na ci layya, ba tsotsa na yi ba." Don wannan kalmar kaɗai ba zan sake barin kawurma ba.

Sirrin yawancin girkin namansu kitse ne da albasa, kuma a nan na fara yin tuntuɓe. Da yawa daga tumakinsu suna da jela mai faɗi cike da kitse mai laushi, shi suke haɗawa da tsoka in za su niƙa nama. Namu kuwa, ko Yankasa ko Uda ko Balami, jelarsu siririya ce. Karon farko da na tashi yin kofte, wato niƙaƙƙen naman da ake mulmulawa a gasa, na je wurin mahaucina a kasuwar Tudun Wada na ce ya ba ni jan nama zalla, ya cire kitsen tas, kamar yadda na saba. Na niƙa, na goga albasa na zuba har da ruwanta. Da na ɗora a waya rabi ya wargaje ya zube cikin garwashi, wanda ya tsira kuma ya bushe kamar ƙuli-ƙuli. Na ji zafin asarar naman nan ƙwarai. Yaron ya buga wa Teyze waya, tambaya biyu kawai ta yi: ina kitsen, kuma an matse albasar?

Na koma wa mahaucin na kwatanta masa abin da nake nema, kitse mai laushi wanda ya ratsa tsoka. Ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya, ai abin da kike faɗa yana doron sa. Tozo za ki saya." Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Tozon shanunmu, Bunaji ne ko Bokolo, shi ne madadin jelar tumakin Turkiyya a wurina. Kashi ɗaya tozo, kashi uku tsokar wuya ko ta karfata. In naman rago ne, a haɗa da na ƙirji da haƙarƙari. A guji kitsen ƙoda, yana da tauri, da abinci ya fara hucewa sai ya daskare wa mutum a ganɗa.

Ga yadda nake yi yanzu. Rabin kilo na naman nan, a niƙa ko a sara shi da wuƙa ya yi laushi. Albasa ɗaya matsakaiciya a goge, a zuba a tsumma mai tsabta a matse ruwan sosai. Yanka biyu na burodin da ya kwana, a cire ɓawon, a jiƙa a matse. Tafarnuwa ƙwaya biyu, gishiri, masoro, da rabin ƙaramin cokali na kamun, masu kayan ƙamshi a kasuwar Sabon Gari suna da shi. Su suna sa ganyen faski, ni in ban samu ba lawashi nake yankawa sirara. Sai murza, kuma a nan mata da yawa ke gajiya. Minti goma cur ake yi ana murzawa da tafin hannu har naman ya yi danƙo ya kama jikinsa. A rufe a ajiye a wuri mai sanyi. Akwai wani gari kusa da Bursa, Inegol, da ya yi suna da koftensa, su har kwana suke bari ya yi a cikin sanyi kuma kusan ba sa sa kayan yaji. Da yanayin wutarmu ni awa ɗaya nake ba shi, niƙaƙƙen nama ba abin wasa ba ne a lokacin zafi, ranar da aka niƙa ranar za a ci. A mulmula kamar tsawon yatsa, a ɗan danne. Gawayi kuma a jira harshen wutar ya mutu, toka fari ya hau kansa, sannan a ɗora ana juyawa akai-akai har cikin ya daina ja. Rabin kilon nan yana ba ni guda ashirin ko fiye.

Kabab ɗin Adana ɗan'uwansa ne, sai dai ba burodi, naman rago ne da kitse da jan tattasai da gishiri, ana sara shi da wata ƙatuwar wuƙa mai lanƙwasa maimakon inji. Tsinken tsirenmu ba ya riƙe shi, siriri ne. Nasu na ƙarfe ne mai faɗi. Na zana wa wani maƙeri a cikin birni, ya ƙera min guda shida masu faɗin yatsa biyu da ƙarfe mai tsabta wanda ba fenti a jikinsa, su nake amfani da su har yau.

Amma Malam Edita, gashi ba shi ne abincin kullum na gidan Baturke ba, kamar yadda tsire da balangu ba su ne abincin kullum na gidan Bahaushe ba. Abin da na fi ci a gidan Teyze wake ne. Kuru fasulye suke kiransa, busasshen wake ke nan, kuma daga lebura har ma'aikacin ofis kowa yana cinsa da shinkafa. Wakensu ya fi namu girma da tauri, sai an jiƙa ya kwana. Farin wakenmu jiƙon awa ɗaya ya ishe shi. Ina narka ludayi ɗaya na man shanu, in soya albasa biyu a wuta kaɗan har su yi laushi su fara zaƙi, ba a bari su ƙone. In zuba rubu'in kilo na nama da aka yanka ƙanana ƙwarai, ya saki ruwa ya shanye. In sa cokali biyu na markaɗen tumatir da tattasai mai kauri in soya shi a cikin man har ƙamshi ya tashi. Sannan rabin mudun wake da ruwan zafi, a rage wuta a ƙyale shi. Ba a gaggawa, ba a yawan juyawa. Idan ya yi, romon ja ne mai kauri, waken ya yi luguf amma bai fashe ba, kuma kowane cokali ɗanɗanon nama gare shi ko da ba a ci karo da tsoka ba. Mu tara ne a gidan nan da jikoki, rubu'in kilon nan yana ci da mu duka. A wannan zamani da magidanci ke tsayawa gaban teburin mahauci yana lissafi kafin ya buɗe baki, ina ganin wannan ne ya kamata a fara koya wa mata, ba abin da sai an yanka rago guda ba.

Shinkafar da ake ci da shi ma da 'yar dabararta. Ana wanke ta a jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri, a kakkarya taliya kaɗan a soya a man shanu har ta yi ja, a zuba shinkafar a juya, a auna ruwa daidai, ba a tacewa. In ruwan ya tsotse a sauke, a shimfiɗa tsumma ƙarƙashin murfi a bar ta ta huta kamar kwata na awa. Jikokina da suka tashi da garau-garau ba su ɗauke shi baƙon abu ba ko kaɗan.

Markaɗen nan mai kauri da na ambata shi ne salca, kuma shi ne abin da na fi so masu karatu su kula da shi. A kicin ɗin Teyze ban ga dunƙulen ɗanɗano ko ɗaya ba. Abin da ke ba miyarta armashi manyan kwalabe biyu ne, ɗaya na tumatir ɗaya na jan tattasai, waɗanda ta haɗa da hannunta a ƙarshen bazarar da ta wuce. Lokacin da tumatir ya yi arha a wurinsu, wajen Agusta da Satumba, mata ke saye da yawa, su tace ɓawo da 'ya'ya, su sa gishiri, su baza a faranti a rana suna juyawa kullum har ya yi kauri kamar tuwo. Shi za su ci har shekara ta zagayo.

Da yaron ya fassara min wannan, hankalina gida ya dawo. Duk wanda ya san Zariya ya san yadda tumatir da tattasai ke cika kasuwa da rani, daga Janairu zuwa Maris, in na fadamun kogin Galma suka nuna. Kwanduna a jere, wasu na ruɓewa tun kafin a samu mai saye, manomi na kallon guminsa yana tsiyaya. Da damina kuma mu koma sayen na gwangwani da na leda da tsada. Muna yin kauɗa, gaskiya ne, amma sau nawa ake shanya ta a ƙasa a bakin titi, ƙura da akuya kowa na taɓawa? Ga rana Allah Ya ba mu wadda ta fi ta Bursa ƙarfi, ga busasshiyar iska. Rani biyu ke nan ina yin salca. Ina sayen kwando ɗaya in ya faɗi, in wanke, in markaɗa, in tace da rariya, in tafasa shi tukuna har ya ragu da rabi, in sa gishiri da ɗan yawa, sannan in baza a farantan tangaran a kan rufin ɗaki. Saboda ƙurar hunturu ina ɗaura farin mayafi shara-shara a sama yadda ba zai taɓa shi ba. Ana juyawa da muciya safe da rana, a shigo da shi da yamma. Kwana uku zuwa huɗu ya yi. A zuba a busasshiyar kwalba, a rufe samansa da man gyaɗa, kuma kada a taɓa sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Tun da na fara, dunƙulen da nake sawa a miya ya ragu da fiye da rabi, har a miyar kuka da ta taushe, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a gidan.

Tukunyar ƙasa ma da muka jingine a bayan ɗaki, su ba su yar ba. Guwec sunan tukunyar ne, sunan abincin ne kuma. Ana jera naman rago a ƙasa, albasa da tafarnuwa a kai, sai yalo, tattasai, kuɓewa ƙanana da ba a yanka ba, tumatir a sama. Ba a zuba ruwa, ko a zuba ɗan kaɗan. A liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa. Su oben suke sawa, ni a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwon rana nake ɗorawa, in tara toka mai zafi a gefe, kafin magariba ƙashi ya rabu da tsoka. Suna matsa lemon tsami a kan kuɓewa don kada ta yi yauƙi, abin da ya ba ni mamaki, mu da yauƙin muke nema. Babban yalo mai baƙar fata kuma suna tsaga shi su cusa niƙaƙƙen nama da albasa, sunansa karniyarik, wai tsagaggen ciki. Shi ma cokali biyu na nama ke cika yalo guda.

Abin da Bursa ta fi shahara da shi kabab ɗin Iskandar ne, an sa masa sunan mutumin garin da ya fara yin sa a ƙarni na 19. Ranar bikin yaye su yaron aka kai ni na ci. Ina cikin ci ina lissafa abin da ke farantin: nama yanka sirara, gurasa a ƙasa, miyar tumatir, man shanu mai zafi da aka kwarara a kai yana ƙara, kindirmo a gefe. Wanne ne babu a Zariya? Ba ni da ƙarfen da ke juya nama a tsaye, don haka nake kai wa mai tsiren unguwarmu tsokar cinya ya fere min ita kamar zai yi kilishi. In jiƙa ta da ruwan albasar nan da na matse daga kofte, da masoro da cokali biyu na kindirmo, in soya sama-sama a kasko mai zafi ƙwarai, kaɗan-kaɗan don kada ta tara ruwa. Gurasa a ɗan gasa a yayyanka. Wannan na ranar baƙi ne, kuma duk wanda ya ci sai ya tambaya. Akwai wani jan gari mai tsami da suke barbaɗawa a kan albasa, sumak. Na daka busasshen zoɓo da ɗan gishiri a madadinsa, ba ɗaya ba ne amma ya yi kusa.

Abu ɗaya ne bai karɓu ba a gidana, ayran, wato kindirmo da ruwa da gishiri. Ni ina sonsa bayan nama mai maiƙo. Malam ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ya ce nono da sukari aka san shi, ban sake matsa masa ba. Ni ma akwai inda na saɓa musu: abincin Bursa ba shi da yaji yadda harshenmu ya saba, sai can kudancin ƙasar, su Adana da Urfa da Gaziyantef, ake jin barkono sosai. Don haka attarugu ba ya barin tukunyata. Kuma ban ce a bar tuwo ba, sau biyu ko uku a mako nake waɗannan girke-girken. Na ɗanɗana busasshen namansu da suke ji da shi, har yanzu kilishi ne a gaba a wurina.

Roƙona gare ku shi ne, in za a sake kawo girkin wata ƙasa a shafin nan, a auna mana da mudu da gwangwani da ludayi, a kira sassan nama da sunan da mahauci zai gane, a kuma faɗi abin da za a sa in wani abu bai samu ba. Mahautanmu kuma ina kira gare su da su tanadi injin niƙa nama na hannu mai tsabta wanda ake wankewa da ruwan zafi, domin injin markaɗen unguwa da ya sha wake da tattasai tun safe bai dace da ɗanyen nama ba. Mata da yawa za su saya in sun samu.

Maƙwabciyar tawa kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce na aika mata da kwanon waken nan da shinkafa. Washegari ta shigo da kwanon da littafin ɗanta na makaranta, ta ce in faɗa tana rubutawa. Mun yi da ita in tumatir ya faɗi bana za mu haɗa kuɗi mu sayi kwando uku, mu shanya a kan rufina tunda ya fi nata faɗi. In marubuciyar shafinku tana da hali ta zo a lokacin ta gani da idonta, ƙofar gidanmu a buɗe take.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar makaranta,
Tudun Wada, Zariya.